Filin Tambaya da Amsa: Sayar da Ƙungiyar Ƙwallo ga Attajiran Waje

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga masu karatunmu na Katsina da Daura sun taru ne a kan magana ɗaya, wato yadda attajiran ƙasashen waje suke saye manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, da kuma ko irin wannan ciniki zai yi wa harkar ƙwallonmu ta gida rana. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Malam, ni mai gidan kallon ƙwallo ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, kuma kusan kullum sai gardama ta kaure tsakanin samarin da ke zuwa kallo a kan masu kuɗin nan da ke saye ƙungiyoyin Ingila. Wasu suna cewa riba suke nema, wasu kuma suna cewa kuɗi ne ya yi musu yawa. Ga shi muna jin ana cewa yawancin ƙungiyoyin asara suke tafkawa duk shekara. To, mene ne ainihin abin da mutum yake saya idan an ce ya sayi ƙungiya, kuma ina ribar take?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da kasuwa. A Ingila ƙungiyar ƙwallo kamfani ce mai rajista kamar kowane kamfani, saboda haka wanda aka ce ya saye ta, hannun jarin kamfanin ya saya. Da wannan hannun jari yake mallakar kwantiragin 'yan wasa, da filin wasa idan na ƙungiyar ne, da filin atisaye, da suna da tambari, da gurbin da ƙungiyar take riƙe da shi a gasa, haka kuma duk bashin da ake bin ta yana nan a wuyan kamfanin da ya saya. A cikin waɗannan duka gurbin ya fi daraja, domin shi yake ba ƙungiya kasonta daga kuɗin nuna wasa a talabijin. Yarjejeniyar nuna Gasar Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, ta shekara huɗu daga 2025 zuwa 2029, ta kai fam biliyan 6.7, ban da abin da ake samu daga sauran ƙasashen duniya. Kuɗin da kake biya na dikoda duk wata, wanda kai ma daga aljihun samarin nan kake tara shi, wani ɗan yankinsa can yake ƙarewa.

Gaskiya ne ƙungiyoyi da yawa suna rufe shekara da asara, domin albashin 'yan wasa da kuɗin sayensu suna lashe mafi yawan abin da ya shigo. Sai dai mai saye ba ribar shekara yake hange ba, ranar da zai sayar yake hange. Roman Abramovich, attajirin Rasha, ya sayi Chelsea a 2003 a kan kimanin fam miliyan 140 har da basussukan da ke kanta. A 2022, bayan da gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi saboda yaƙin Rasha da Yukren, aka sayar da ita ga Todd Boehly da kamfanin Clearlake na Amurka a kan fam biliyan 2.5, tare da alkawarin za su ƙara zuba fam biliyan 1.75 a cikinta. Shi Abramovich bai taɓa kuɗin cinikin ba, domin an kulle su a asusu, amma farashin kaɗai ya isa ya nuna wa duk mai lissafi yadda darajar ƙungiya take ninkuwa a cikin shekara 19. Haka kamfanin Amurka da ake kira Fenway ya karɓi Liverpool a 2010 a kan fam miliyan 300, yau kuwa biliyoyi ake ambata idan ana maganar darajarta. Yawancin Amurkawan da suka shigo harkar wannan lissafi ne ya kawo su.

Akwai kuma masu saye da ba riba ce ta farko a wurinsu ba, su ne masu alaƙa da gwamnatocin ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Sheikh Mansour na gidan sarautar Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, kamfanin zuba jari a wasanni na ƙasar Katar ya karɓi Paris Saint-Germain a 2011, sannan a watan Oktoba na 2021 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 80 cikin 100 na Newcastle United a cinikin da ya kai kimanin fam miliyan 305. Abin da waɗannan suke nema shi ne suna da faɗa-a-ji a duniya, da tallar kamfanonin jiragensu da biranensu, da kuma buɗe wa ƙasashensu hanyoyin samun kuɗi waɗanda ba su dogara ga mai ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin su Amnesty, suna zarginsu da amfani da ƙwallo wajen wanke sunansu daga abubuwan da ake tuhumarsu da su, su kuma suna musanta hakan.

Abin da nake so samarin gidan kallonka su lura da shi shi ne, ƙungiyar da aka ɗaura wa mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya, duk abin da ya sami mai ita sai ya same ta. A watan Maris na 2022, ba tare da wani ɗan wasa ko mai goyon baya ya yi laifin komai ba, aka wayi gari Chelsea ba ta da ikon sayen ɗan wasa, ba ta da ikon sabunta kwantiragi, har sayar da sabon tikiti aka hana ta na wani lokaci, duk saboda yaƙin da ake yi a wata ƙasa.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Ni ɗan Daura ne, kuma tun ina makarantar sakandare nake goyon bayan Manchester United. Na sha jin ana cewa iyalan Glazer ba da kuɗinsu suka sayi ƙungiyar ba, da kuɗin ƙungiyar suka saye ta. Wannan magana ta ɗaure mini kai. Ta yaya mutum zai sayi abu da kuɗin abin da bai riga ya mallaka ba, hukuma kuma ta zuba masa ido?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar da ka ji tana da tushe, kuma ita ce ta fi kowace cancantar a tsaya a fahimce ta a wannan babi. Ka ɗauka mutum ya ga gidan haya mai kawo kuɗi, ba shi da isassun kuɗin saye, sai ya je banki ya karɓi rance, ya ce gidan da zai saya shi ne jinginarsa. Da ciniki ya faɗa, sai kuɗin hayar da a da ake gyara rufi da magudanar ruwa da su suka koma biyan banki. Gida ya zama nasa, amma gidan ne yake biyan bashin sayen kansa, masu haya kuma su ne suke kwana cikin yoyo.

Haka Malcolm Glazer, attajiri daga Amurka, ya yi a 2005. Ya kammala sayen Manchester United a kan kimanin fam miliyan 790, kuma fiye da fam miliyan 500 daga ciki rance ne. An jinginar da kadarorin ƙungiyar a kan wani kaso na rancen, wani kason kuma an karɓo shi ne a kan kuɗin ruwa da ya haura kashi 14 cikin 100 a shekara. Kafin wannan ciniki ba a bin United wani bashin a-zo-a-gani, kuma tana cikin ƙungiyoyin da suka fi samun kuɗi a duniya, wanda hakan ne ma ya sa masu ba da rance suka amince. Masu bin diddigin asusun ƙungiyar sun ƙiyasta cewa abin da ya fita daga cikinta tun daga lokacin, tsakanin kuɗin ruwa da biyan bashi da ladan masu shiga tsakani da ribar da iyalan suka riƙa raba wa masu hannun jari, ya haura fam biliyan 1. Duk waɗannan kuɗi ne da magoya baya suka kawo ta hanyar tikiti da riguna da kallon talabijin.

Shekarun farko ba a ga illar abin a fili ba, domin Sir Alex Ferguson yana nan. Bayan cinikin ya ƙara ɗaukar Firimiya sau biyar, ya kuma ci Kofin Zakarun Turai a 2008. Tun da ya ajiye aiki a 2013 ƙungiyar take neman hanyar komawa inda take, filin Old Trafford kuwa, wanda a da ake alfahari da shi, ya tsufa har ruwan sama yana zubowa ta rufinsa, kuma da aka zo zaɓen filayen da za a buga gasar ƙasashen Turai ta 2028, filin maƙwabciyarta Manchester City aka ɗauka aka bar shi. Ba ina cewa bashi kaɗai ne ya jawo wannan koma-baya ba, domin an kashe maƙudan kuɗi wajen sayen 'yan wasan da ba su amfani ƙungiyar ba, amma shi ma rashin iya sayen daga shugabanci ya taso, shugabanci kuwa mai ƙungiya ne yake naɗa shi.

Magoya baya ba su yi shiru ba. Tun a 2005 wasunsu suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar mai suna FC United of Manchester. A 2010 suka riƙa rataya mayafi kore da ruwan ɗorawa, launin da ƙungiyar ta yi amfani da shi a farkon kafuwarta, don nuna ƙin jinin masu ita. A watan Mayu na 2021 kuma suka kutsa cikin filin wasa har aka ɗage karawarsu da Liverpool. Duk da haka iyalan Glazer suna nan. Sheikh Jassim na Katar ya nemi sayen ƙungiyar baki ɗaya ya janye a watan Oktoba na 2023, sannan a farkon 2024 Sir Jim Ratcliffe, attajirin Birtaniya, ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗori, aka damƙa masa ragamar harkokin wasa, amma rinjayen hannun jari ya ci gaba da zama a hannun iyalan.

Game da hukuma, a lokacin babu dokar da ta hana irin wannan ciniki. Shekara biyu bayan na United, a 2007, wasu Amurkawa biyu, Tom Hicks da George Gillett, suka yi wa Liverpool makamancinsa, kuma sai da magana ta kai kotu a 2010 kafin a raba su da ƙungiyar tana dab da durƙushewa. Sai a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince da ƙa'idar cewa rancen da za a ɗora wa ƙungiya wajen sayenta kada ya wuce kimanin kashi 65 cikin 100 na darajarta. A ganina wannan ƙa'ida ta zo a makare, kuma ko yanzu ta yi sassauci da yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a nan Katsina. Yayana yana cewa duk ƙungiyar da attajirin waje ya saya, musamman Balarabe, ta gama haye wa, kofuna kawai za ta yi ta ɗauka. Ni kuwa na ce masa ba lallai ba ne. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Yayanki yana da hujja, amma ke kika fi kusa da gaskiya. Hujjarsa ita ce Manchester City, wadda rabonta da lashe gasar Ingila tun 1968, amma shekara huɗu bayan zuwan kuɗin Abu Dhabi ta ɗauki Firimiya a 2012, ta ci gaba da ɗauka, har ta haɗa da Kofin Zakarun Turai a 2023. Newcastle ma ta ci Kofin Carabao a 2025, bayan ta shekara 70 ba ta ɗauki wani babban kofi na cikin gida ba. Sai dai ki tuna masa cewa Paris Saint-Germain, wadda ta biya yuro miliyan 222 a kan Neymar shi kaɗai a 2017, sai da ta jira shekara 14 a hannun Katar kafin ta ga Kofin Zakarun Turai a 2025, a lokacin kuwa manyan taurarin da aka tara da kuɗi duk sun watse.

Labarin da ya fi dacewa ki ba shi shi ne na Portsmouth, domin akwai namu a ciki. A watan Mayu na 2008 Nwankwo Kanu ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Portsmouth Kofin FA a wasan ƙarshe da Cardiff City a filin Wembley. Mai ƙungiyar a lokacin, Alexandre Gaydamak, ya tara 'yan wasa masu tsada waɗanda albashinsu ya fi ƙarfin abin da ƙungiyar take samu, kuma muddin yana cike giɓin babu wanda ya damu. Da ya ja hannunsa sai asiri ya tonu. A cikin kakar wasa ɗaya, ta 2009 zuwa 2010, ƙungiyar ta ratsa hannun mutum huɗu, biyu daga cikinsu Larabawa ne da aka yi ta yi wa kirarin kuɗi, amma har albashi ya riƙa gagara a kan lokaci. A watan Fabrairu na 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa wa masu kula da kamfanonin da bashi ya karya, aka zabtare mata maki 9, ta faɗi daga gasar, ta yi ta gangarawa har ta kai rukuni na huɗu a 2013. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, domin a wannan shekara magoya bayanta ne suka yi karo-karo suka fanshe ta.

A Sifaniya ma an ga irin haka. Wani ɗan gidan sarautar Katar ya sayi Malaga a 2010, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Gasar Zakarun Turai a 2013, daga nan kuɗi suka ɗauke, aka sayar da 'yan wasa, ta faɗi daga babbar gasa. Valencia kuwa tun bayan da Peter Lim na Singafo ya saye ta a 2014, magoya bayanta sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman ya tafi.

Ban da wannan, ƙofar da Abramovich da Sheikh Mansour suka shiga ta tsuke. Hukumar ƙwallon Turai ta kafa dokokin daidaita kashe kuɗi, Firimiya ma ta kafa ƙa'idar kada asarar ƙungiya ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda saɓa ta. Ita kanta Manchester City an tuhume ta a 2023 da saɓa ƙa'idojin kuɗi fiye da sau 100, tuhumar da ta musanta. Saboda haka idan kin ji an ce attajiri ya sayi ƙungiya, tambayar farko ba nawa ya mallaka ba ce. Tambayar ita ce, kuɗin da zai zuba jari ne da ya sadaukar, ko rance ne da zai nema ranar da ransa ya ɓaci.

TAMBAYA: Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ni tsohon malamin makaranta ne daga Rafindaɗi. Ina mamakin yadda za a sayar da ƙungiyar da mutanen gari suka gada kaka da kakanni ba tare da an shawarce su ba. Shin magoya baya ba su da ta cewa ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Amsar ta danganta da ƙasa. A Jamus, tun 1998 akwai ƙa'idar da ta ce dole rinjayen ƙuri'a a ƙungiya ya kasance a hannun membobinta, wato rabi da ƙarin ɗaya, don haka attajiri yana iya zuba kuɗi amma ba zai iya yin gaban kansa ba. An keɓe irin su Bayer Leverkusen da Wolfsburg ne kawai saboda tun asali kamfanoni ne suka raine su. A Sifaniya, Real Madrid da Barcelona da Athletic Bilbao da Osasuna mallakar membobinsu ne, su suke zaɓen shugaba.

A Ingila kuwa an daɗe mai goyon baya ba shi da komai sai muryarsa. A 2003 aka ɗauke Wimbledon daga Landan aka kai ta garin Milton Keynes, daga baya aka sauya mata suna. A 2012 Vincent Tan na Maleshiya ya mayar da rigar Cardiff City ja bayan an shafe kusan ƙarni ana sanye da shuɗiya, sai a 2015 ya sauko bayan matsin lamba. Amma muryar tana da ƙarfi idan ta haɗu. A watan Afrilu na 2021 ƙungiyoyi 12, shida daga Ingila, suka sanar da kafa wata gasa tasu ta manya zalla wadda ba a faɗuwa daga cikinta, magoya baya suka fito kan titi, kuma cikin 'yan kwanaki shirin ya wargaje. Wannan na cikin abin da ya kai majalisar Birtaniya ga zartar da doka a 2025 wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu sayen ƙungiyoyi, ta kuma hana a sauya tambari ko launin riga ko a ɗauke ƙungiya daga filinta ba tare da an bi ta kan magoya baya da hukumar ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Ƙofar Marusa, kuma ba na fashin zuwa Karkanda duk ranar da Katsina United take wasa a gida. Muna ganin yadda kuɗin waje ya ɗaga ƙungiyoyin Turai. Me zai hana gwamnati ta nemo attajirin waje ta sayar masa da tamu ƙungiyar, kowa ya huta?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Na fahimci abin da ya sa ka yi wannan tunani, domin duk mai ƙaunar ƙungiyar nan yana so ya gan ta a inda ya kamata ta kasance. Ƙungiya ce mai tarihi, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, kuma ko da ta faɗi daga babbar gasa a 2022, shekara ɗaya ta yi ta dawo. Amma ban goyi bayan a sayar da ita ɗungurungum ga kowa ba, baƙo ne ko ɗan gida.

Katsina United mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yadda Kano Pillars da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya suke, filin wasa na Muhammadu Dikko shi ma na gwamnati ne. Raunin wannan tsari ɗaya ne da na ƙungiyar attajiri, wato dogaro ga aljihu ɗaya. Idan aka dace da gwamna mai son ƙwallo sai a ga walwala, idan aka sami sauyi ko kuɗin wata ya ragu sai 'yan wasa su shiga jira. Mun kuma riga mun gwada na attajirai a ƙasar nan. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a 1978, Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe a shekarun 1980, kuma kowace a cikinsu ta ɓace ne bayan masu ɗaukar nauyinta sun ja baya. Sauya aljihun gwamnati da aljihun baƙo bai magance ciwon ba.

Sannan ya kamata mu tambayi kanmu abin da zai kawo baƙon. Kuɗin talabijin da ya sa ake rububin ƙungiyoyin Ingila babu kwatankwacinsa a gasarmu, kuɗin ƙofa kuwa kai da kake zuwa ka san ba zai riƙe ƙungiya ba. Abin da muke da shi mai daraja shi ne yaranmu. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa domin ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shi ya sa masu zuba jari a Afirka suke neman wurin rainon yara. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream a Gana ta haɗe da ƙungiyar Nordsjaelland ta Danmak, ta wannan hanya Mohammed Kudus ya fita, haka kuma Sadio Mane ya bi ta Generation Foot ta Senegal zuwa Metz ta Faransa. Wannan ba laifi ba ne, yana ma iya zama alheri ga yaran Katsina da Daura da Funtuwa, muddin an rubuta a sarari nawa ne kason ƙungiya a kowane ciniki, kuma an wajabta wa mai jarin karatun yaran da ba su dace da tafiya ba, waɗanda su ne mafi yawa.

Haɗarin da nake jin tsoro ya faru a Masar. A 2018 Turki Al-Sheikh na Saudiyya ya sayi wata ƙungiya mai suna Al Assiouty, ya sauya mata suna zuwa Pyramids, aka ɗauke ta daga lardinta aka kai ta Alƙahira, shekara ɗaya bayan nan kuma ya sayar wa wani attajiri na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Pyramids ta lashe Kofin Zakarun Afirka a 2025, amma mutanen da aka ɗauke wa ƙungiya ba su ne suka yi bikin ba. Wanda ya sayi Katsina United ba tare da sharaɗi ba, babu abin da zai hana shi ya lissafa cewa Abuja ko Legas ta fi kasuwa. Tanzaniya ta bi wata hanya da ta fi mini kwanciya a rai, inda attajirin ƙasar Mohammed Dewji ya karɓi kashi 49 cikin 100 na ƙungiyar Simba, kashi 51 ya zauna a hannun membobi.

Kuɗi ma ba sai an je waje neman su ba. Kunle Soname, mai Remo Stars, ya sayi rinjayen hannun jarin Feirense ta Fotugal a 2015, Shola Akinlade ya yi haka da Aarhus Fremad ta Danmak a 2023, Alhaji Aliko Ɗangote kuma ya sha bayyana sha'awarsa ta sayen Arsenal. Mai kuɗi, namu ko na waje, yana zuwa ne inda zai buɗe littafi ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita.

Saboda haka aikin da ke gabanmu ya riga neman mai saye. A fara tsayar da ƙungiyar a matsayin kamfani mai cin gashin kansa, wanda akantoci masu zaman kansu za su riƙa bincika asusunsa duk shekara a buga sakamakon kowa ya gani, kowane ɗan wasa yana da kwantiragi a rubuce, filin wasa kuma a ba ta haya ta dogon lokaci amma ya ci gaba da zama dukiyar jiha. A buɗe rajistar membobi a ƙananan hukumomi 34 na jihar, mai kati ya zama yana da ƙuri'a, a kuma fara tallata hannun jari ga 'yan kasuwa irinku kafin a leƙa waje. Idan bayan wannan baƙo ya zo, a yi masa maraba, amma kasonsa kada ya kai rabi, kada ya ɗora wa ƙungiya bashin sayenta, kada ya taɓa sunanta ko launinta ko ya fitar da ita daga Katsina, kuma ranar da zai tafi membobi ne za a fara yi wa tayin kasonsa. Kafin a sa hannu a irin wannan yarjejeniya, a kai ta gaban Majalisar Dokokin Jiha, a fassara ta zuwa Hausa, a karanta ta a gidan rediyo, domin ku da kuke biyan kuɗin ƙofa a Karkanda ku ji sharuɗɗan da kunnenku.